Zama a Bariki ko a Cikin Gari: Bayani ga Iyalan Sojoji da Shugabannin Al'umma

Tun daga ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, garin Dutse ke karɓar baƙin ma'aikata, kuma buƙatar muhalli ke ƙaruwa. Buɗe Jami'ar Tarayya a shekarar 2011 ya ƙara wannan buƙata, haka kuma kasancewar Birged ta 26 ta sojojin ƙasa masu motocin sulke a garin. A ɗaya ɓangaren, akwai samari daga Kiyawa, Jahun, Miga, Buji, Birnin Kudu da Gwaram da ke aikin soja a sassan ƙasar nan. Duk wanda ya yi aure a cikinsu sai ya fuskanci tambaya guda: a bariki zai ajiye iyalinsa, ko a cikin gari? An shirya wannan bayani ne domin iyaye, masu gidajen haya da masu unguwanni su san abin da ke tattare da kowane zaɓi.

Zama a bariki

Babbar fa'idar bariki ita ce tsaro da sauƙin aljihu. Soja ba ya neman kuɗin hayar shekara, ba ya biyan la'adar dillali, kuma wurin aikinsa na kusa da ƙofar ɗakinsa. A manyan barikoki, irin su Bukavu da Janguza a Kano, akwai wurin shan magani, makaranta, masallaci, coci da kasuwar da ake kira Mami. Idan aka tura maigida bakin daga, matarsa tana tsakanin mata masu hali irin nata, ƙarƙashin kulawar Magajiya, wato shugabar matan sojoji, wadda ke sasanta saɓani tare da isar da koke ga hukuma.

Sai dai gidan bariki gidan aro ne. Ana raba shi bisa muƙami da kuma abin da ya samu, don haka ƙaramin soja kan jira kafin layi ya zo kansa, kuma ɗakin da zai samu ba lallai ya wadaci mai iyali da yawa ba. Akwai dokoki kan baƙi, tsafta, kiwo da lokacin shiga da fita. Iyalin da suka saba da gida mai zaure da tsakar gida kan sha wuya kafin su saba da zaman da maƙwabta ke tarayya a famfo da wurin shanya. Abu mafi muhimmanci, ranar da aka yi wa soja canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko Allah ya yi masa rasuwa, za a buƙaci iyalin su miƙa makulli bayan wa'adin da hukuma ta ba su.

Zama a cikin gari

Wanda ya kama haya a unguwanni irin su Takur, Gida Dubu, Fatara ko Danmasara yana da walwala. 'Yan'uwa daga ƙauye za su zo su kwana ba tare da neman izini ba, yara za su shiga makarantar allo da Islamiyya ta unguwa, uwargida kuma za ta iya yin ƙaramar sana'a ko kiwo. Idan aka ɗauke maigida zuwa wata jiha, karatun yara ba zai katse ba.

Amma wannan walwala tana da farashi. Yawancin masu gidaje kuɗin shekara suke karɓa gaba ɗaya, ga kuɗin wutar KEDCO, ga na 'yan garuwa idan famfo ya ɗauke, ga kuɗin mota ko man babur zuwa wurin aiki kullum. Soja kuwa ana iya kiransa da tsakar dare, kuma nisan gida ba uzuri ba ne. Har ila yau, ba ya fita zaman gari da ra'ayin kansa. Sai ya sami amincewar kwamandansa.

Abubuwan dubawa kafin yanke shawara

Na farko, a lissafa kuɗin haya, wuta, ruwa da sufuri na shekara, a gwada da albashi. Na biyu, a duba yawan iyali da shekarun yara: ango da amarya ba ɗaya suke da mai 'ya'ya shida ba. Na uku, a yi la'akari da tsawon zaman da ake sa ran yi a garin. Na huɗu, a ga gidan da damina ko a tambayi maƙwabta, domin ambaliyar shekarar 2022 ta nuna illar gini a kan hanyar ruwa. Na biyar, a saurari ra'ayin uwargida, tunda ita ce za ta zauna a gidan a lokacin da maigida ba ya nan.

Tanadin gidan kai

Ko bariki ko haya, duka zaman wucin gadi ne. Wanda ya zauna a bariki ya kamata ya riƙa ajiye abin da da haya za ta ci, ya sayi fili tun yana da ƙarfi. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a shekarar 1992 ƙarƙashin Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin mai zubi, sannan yana ba shi damar neman rancen mallakar gida da za a iya biya har tsawon shekara 30. Wanda ya sayi fili kuma kada ya tsaya kan shaidar baka. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, Gwamna ne ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma a yankunan karkara.

Kira ga shugabannin al'umma

Ana kira ga masu unguwanni, dagatai da hakimai da su tabbatar an rubuta yarjejeniyar haya a gaban shaidu, tare da bayyana kuɗi, wa'adi, wanda gyara ya rataya a wuyansa, da abin da za a yi da ragowar kuɗi idan canjin wurin aiki ya zo kafin shekara ta cika. Idan saɓani ya taso, a kai shi gaban mai unguwa ko hukumar barikin, ko kotu, maimakon ɗaukar doka a hannu daga kowane ɓangare. Masu gidaje su guji tsauwala haya don sun ga kaki. Maƙwabta kuma su riƙa leƙa iyalin da maigidansu ke bakin aiki, su kame bakinsu daga yaɗa labarin tafiyarsa ko dawowarsa, domin tsaron lafiyarsa da ta iyalinsa.