An Ɗauke, An Kawo: Wa Ke Da Wutar Lantarkin Damba?

Sana'ata nazarin harshe ce, saboda haka mai karatu zai yi mini uzuri idan na fara da nahawu. Duk majalisar da ka zauna a Gusau, saurari yadda muke magana a kan lantarki: "an ɗauke wuta", "an kawo wuta", "an yanke mana", "an kawo bil". Wannan "an" ɗin lamiri ne da Bahaushe kan kawo idan bai san mai aikin ba, ko kuwa ya sani amma ba ya son ambato. Da shi muke cewa "an yi ruwa" da "an yi rasuwa". Wato mun ajiye wutar lantarki sahu ɗaya da ruwan sama da ajali, abubuwan da ba a tuhumar kowa a kansu. Har gobe yaranmu "NEPA" suke ihu idan fitila ta kama, alhali an rushe hukumar tun 2005, kafin a haifi mafi yawansu.

Abin da ya jawo wannan tunani shi ne wani zama da muka yi a Damba bayan sallar isha'i, lokacin da taransifomar layinmu ta ƙone. Kamar yadda aka saba, aka yanka wa kowane gida kuɗi, aka naɗa mutum uku su karɓa. Masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka ba da kaso mai tsoka, domin su ne duhun ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. An yi makonni ana tarawa, aka gyara, wuta ta dawo. Sai dai ba a rubuta wanda ya biya da wanda ya noƙe ba, ba a ba kowa rasit ba, ba a kuma dawo an karanta lissafi ba. Abin da ya biyo baya shi ne zargi da gaba tsakanin maƙwabta. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, wannan ƙarfen da muka gyara da guminmu, yanzu na wa ke nan?" Na ce, "Wallahi Baba, a takarda dai ba namu ba ne." Tun daga ranar tambayar take cina.

Tarihin lantarki a ƙasar nan tarihi ne na sauyin suna. An kafa NEPA a 1972. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta maye gurbinta da PHCN, ta kuma kafa hukumar sa ido ta NERC da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. A ƙarshen 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa, na shiyyar Kaduna kuwa, wanda ya haɗa Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, sai a Disambar 2014 aka miƙa shi. A duk wannan jerin sauye-sauye, matsayin mutumin Damba ko Tsafe ko Bunguɗu bai motsa ba: mai biya ne kawai. Ba shi da kujera a inda ake yanke shawara, ba shi da murya a kan wace unguwa za a fara ja wa waya, kuma idan ya sayi falwaya da kuɗinsa ba shi da shaidar da zai nuna.

Akwai ƙasar da ta taɓa shiga irin wannan hali, ta kuma fita ta wata ƙofa da ya kamata mu leƙa. A tsakiyar shekarun 1930, kusan gida tara cikin goma a karkarar Amurka ba su da lantarki. Kamfanoni sun yi lissafi sun ga jan waya zuwa gonaki masu nisa da juna ba riba, suka tsaya a birane. A 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar lantarkin karkara, majalisa ta ƙarfafa ta da doka a 1936. Aikin hukumar shi ne ba da rance mai sauƙin ruwa. Su kuwa manoma suka riƙa haɗa kansu, kowa ya biya dala biyar kuɗin shiga, su kafa ƙungiyar gama kai, su karɓi rancen, su kafa falwayoyi su ja waya da kansu. A 1942 ƙungiyoyin suka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa mai suna NRECA. Yau akwai irinsu kimanin 900, suna ba mutum wajen miliyan 42 wuta, kuma wayoyinsu sun ratsa fiye da rabin faɗin ƙasar.

Sirrin tsarin a kalma ɗaya yake: memba. Duk wanda ke da mita mamallaki ne, kuma ƙuri'a ɗaya gare shi, ko injin casa yake da shi ko ƙwan fitila ɗaya. Membobi ke zaɓen hukumar gudanarwa a taron shekara, a nan ake karanta musu lissafi. Idan an samu rarar kuɗi bayan an biya ɗawainiya, ana rubuta wa kowa kasonsa gwargwadon wutar da ya sha, a mayar masa daga baya. Kada a ce wannan sai ƙasar masu arziki: Bangaladash ta kafa hukumar lantarkin karkara a 1977 bisa wannan samfuri, da ƙungiyoyin membobi da yanzu suka kai 80, kuma da su aka kai wuta mafi yawan ƙauyukanta.

Abubuwa uku ne a aikin waɗannan ƙungiyoyi na ga sun dace da halinmu. Na farko hidimar memba. Ƙungiya tana da ofishi, da rajista, da wanda za a buga wa waya idan waya ta tsinke. Mu ma muna da haƙƙoƙi a rubuce, rashin mai bi ne ya sa suka zama tamkar babu. NERC ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya da waya nauyi ne na kamfani, kuma al'ummar da ta ga dole sai ta saya, ya kamata ta fara ƙulla yarjejeniya a rubuce domin a mayar mata da kuɗinta, ko da ta hanyar rage mata bil. Akwai ƙa'idar da ta ƙayyade iyakar abin da za a ƙiyasta wa wanda ba shi da mita. Akwai matakan ƙorafi daga ofishin kamfani har zuwa hukumar. Tun daga Afrilun 2024, da aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit a lokacin, sanin rukunin da layinka yake da yawan sa'o'in da aka yi masa alkawari ya zama batun aljihu. Mutum ɗaya ba zai iya bin duk wannan ba, ga neman abinci. Ƙungiya mai sakatare da littafi za ta iya: ta rubuta sa'o'in da aka samu wuta kullum, ta tara bil ɗin membobi, ta shigar da ƙorafi ɗaya da sa hannun gida ɗari uku. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Na biyu matasa. A 1957 Sanata Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya shawarci ƙungiyoyin da su riƙa tura yaran karkara babban birnin ƙasa su ga yadda ake mulki da idonsu. Daga 1964 abin ya zama shiri na ƙasa baki ɗaya, kuma duk watan Yuni ɗaliban sakandare fiye da dubu kan je Washington su gana da wakilan mazaɓunsu. Wani zai ce mene ne haɗin kamfanin wuta da yawon buɗe idon yara? Haɗin shi ne ƙungiyar da ba ta renon magada da tsofaffinta za ta mutu. Mu ba sai mun kai kowa Abuja ba. Majalisar dokokin jiha tana nan cikin Gusau, tafiyar 'yan mintoci daga Damba, amma yara nawa ne a unguwar suka taɓa zama suka saurari muhawarar kasafin kuɗi? Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda. Ƙungiya za ta iya ɗaukar nauyin samari da 'yan mata kaɗan duk shekara su koyi haɗa wayar gida, da kafa sola, da riƙe littafin kuɗi. Yaron da ke karanta mitar unguwa yana karɓar ɗan alawus, da wuya a same shi cikin masu kwance wayar taransifoma da dare, da wuya kuma ya sayar da kansa ga bangar siyasa a kan kuɗin shayi. Tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25. Ina matashi zai koyi jagorantar taro, da sauraren mai suka, da karɓar kaye a ƙuri'a, in ba a irin wannan ƙaramin fage ba?

Na uku siyasa, kuma a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Duk mun san taransifomar kakar zaɓe: a sauke ta da kiɗa da jawabi, wani lokaci ta shekara a ƙasa ba a haɗa ba. Mai roƙo ba ya zaɓen abin da za a ba shi, ba ya kuma tambayar daga wace aljihu ta fito. Ƙungiyoyin Amurka sun bi wata hanya. A 2016 suka ƙaddamar da shirin zaburar da membobi su yi rajista su fita zaɓe, ba tare da nuna musu jam'iyya ba. Abin da suke nema shi ne duk wanda ya ci ya san karkara na da ƙuri'a. Haka ya kamata tamu ta kasance. Kafin zaɓen 2027, ƙungiyar Damba ta gayyaci 'yan takarar kansila da na majalisar jiha da na tarayya na kowace jam'iyya, ta yi musu tambayoyi iri ɗaya: me za ka yi a kan mitoci? Nawa za ka nema a kasafi domin gyaran layukan ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu? A rubuta amsoshin, a ajiye, a fito da su bayan shekara biyu. Amma ranar da shugaban ƙungiya ya sa hular wata jam'iyya a taron membobi, ranar ƙungiyar ta fara mutuwa. Tilas tsarin mulkinta ya hana mai riƙe da muƙamin jam'iyya shugabantarta.

Ba na so in yi wa mai karatu romon baka. Gama kai ba maganin son zuciya ba ne. A can Amurkar ma, membobi da yawa ba sa zuwa zaɓen hukumarsu, har wasu shugabanni suka mayar da kujera gado. A 2007 membobin Pedernales ta jihar Texas, ɗaya daga cikin mafi girman ƙungiyoyin, suka maka shugabanninsu a kotu kan yadda ake kashe kuɗi, abin da ya kai ga sauya shugabanci da gyara tsarin zaɓe. Mu ma nan mun ga ƙungiyoyin gama kai da aka kafa domin karɓar taki ko rance kawai, suka watse da kuɗin ya ƙare. Kariyar ita ce wa'adin shugabanci, da asusun banki mai sa hannun mutum uku, da mai binciken kuɗi daga waje, da karanta lissafi a bainar jama'a da Hausa. A kuma ba mata kujera, domin su ne masu firji da keken ɗinki da injin markaɗe a cikin gidaje, kuma su suka fi kowa sanin abin da duhu ke ci. Sannan ga matsalar tsaro: a ƙauyukan da mutane ke kwana da ido ɗaya, ba a fara maganar mita ba sai an yi ta rai. Shi ya sa nake ganin unguwanni irin Damba da cikin garuruwan Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi ne za su fara, sauran su biyo baya idan Allah Ya kawo sauƙi.

Ƙofar doka a buɗe take fiye da kowane lokaci. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta ba mutum goma damar yin rajista a matakin jiha. Ƙa'idojin ƙananan tashoshin wuta da NERC ta fitar a 2016, ta kuma sabunta a 2023, sun halatta tashar da ba ta wuce megawat ɗaya ba, har ma a unguwar da ke da layin kamfani amma wutar ba ta isa, bisa yarjejeniya tsakanin al'umma da mai kafa tashar da kamfanin rarrabawa. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin wannan shekarar sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita a Zamfara har muna kuka da zafinta. Wanda zai zuba jari a tashar sola abu ɗaya yake nema: wa zan yi magana da shi, wa zai tabbatar an biya? Unguwar da ke da rajistar membobi da tarihin biyan kuɗi ita ce za ta amsa wannan tambaya.

Kuma ba baƙon abu muke shirin arowa ba. Al'ummar da ta san gayya a gona, ta san adashi a kasuwa, ta gina masallatai da makarantun Islamiyya da karo-karo, ba za a koya mata haɗa kai ba. Abin da ya rage mana shi ne rubutu da ɗorewa: mu daina taruwa sai ranar da taransifoma ta ƙone. Ina kira ga 'yan bokonmu, injiniyoyi da lauyoyi da akantoci da malaman makaranta da ke zaune a waɗannan unguwanni, kowa ya saya wa gidansa sola ya rufe ƙofa, da su ba da yammaci ɗaya a wata. Masu unguwanni da limamai su kira taron, matasa su zaga gida-gida su rubuta mita da sunan mai ita, lauya ya tsara takarda, akanta ya buɗe littafi.

Ina fata wata rana in koma wurin dattijon nan da amsar da ta fi wadda na ba shi, in nuna masa sunansa a rajista da rasit ɗin kuɗinsa. A ranar, wataƙila nahawunmu ma ya sauya, a ji yaro a Damba yana cewa "mun gyara wutarmu". Allah Ya sa mu dace.