HAYA KO MALLAKA: WACE MANHAJAR OFIS TA DACE DA MAGATAKARDAN KASUWA?

Daga Wakilinmu, Anacha

Duk wanda ya sauko daga tsohuwar gadar Kogin Kwara, wadda aka gama ginawa a 1965, ya ratsa Head Bridge da sassafe, zai tarar da manyan motoci daga Arewa sun yi jerin gwano ana ta sauke kaya. Abin da baƙo ba zai gani ba shi ne, kowane buhu akwai takarda a bayansa: sunan mai albasa a Aliero, ko mai wake a Dawanau, da kuɗin mota, da la'adar dillali, da bashin da ya rage.

A da, akawu da babban littafinsa ke riƙe da wannan amana, wasiƙa kuma sai a kai wa mai tafireta a bakin gidan waya. Yanzu kuwa aikin yana ta komawa cikin kwamfuta, a nan Anacha da Inugu da Fatakwal. To, a nan ne magatakardan ƙungiya yake cin karo da wata tambaya: shin ya riƙa biyan kuɗin manhajar Microsoft duk shekara ne, ko kuwa ya ɗauki wadda ake bayarwa kyauta?

GIDAN HAYA

Mu da ke zaune a Kudu ba a koya mana ma'anar haya. Shekarun baya, mutum yakan sayi Word da Excel a faifai sau ɗaya, shi ke nan. Amma a 2011 kamfanin ya fito da tsarin biya wata-wata ko shekara-shekara, ya sa masa suna Office 365, wanda aka mayar Microsoft 365 a 2020. Ranar da kuɗinka ya ƙare, kana iya buɗe takardunka ka karanta ko ka buga su, amma gyara ko rubuta sabuwa, a kwamfutar nan, sai ka sake biya.

Kuɗin hayar kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A watan Janairu 2025 an ɗaga na mutum ɗaya a Amurka daga dala 69.99 zuwa 99.99 a shekara, na iyali kuma daga 99.99 zuwa 129.99. Farashin da ake yanka wa Nijeriya daban ne, amma dai mai kaya da dala yake lissafi, mu kuwa mun san abin da ya sami Naira. Dala 100 da take kimanin N46,000 a farashin gwamnati a watan Mayu 2023, ta haura N150,000 a Fabrairu 2024.

Bugu da ƙari, haya ba ta san an rufe kasuwa ba. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agusta 2021 ya cinye ranakun ciniki masu yawa. A Fabrairu 2025 kuma hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magunguna ta Head Bridge har na makonni. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ranar biya tana nan tafe.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, mai biya yana samun abin da ya biya. Takardarsa za ta buɗu a banki ko a ma'aikatar gwamnati kamar yadda ya tsara ta. Ana kuma ba shi ma'ajiya a intanet mai suna OneDrive, inda takardunsa za su tsira ko da kwamfutar ta ɓace. Wanda ya tuna gobarar da ta tashi a sashen sinadarai na kasuwar Head Bridge a Nuwamba 2022 ba zai raina wannan ba.

TA KYAUTA

A ɗaya ɓangaren akwai LibreOffice. Asalinta wata manhaja ce ta Jamus mai suna StarOffice, wadda kamfanin Sun na Amurka ya saya a 1999, ya buɗe wa duniya asirin haɗa ta a shekarar 2000. A 2010 waɗansu daga cikin masu aikinta suka ware suka kafa gidauniyar The Document Foundation, mai mazauni a Balin, ita ce ke kula da ita har yau. Writer ke aikin Word, Calc kuma ke aikin Excel. Sau ɗaya za ka sauke ta, ba lambar sirri, ba ranar ƙarewa, kuma tana aiki ko babu intanet.

Na san mai karatu zai ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka ne, akwai masu ɗaukar nauyin. Waɗansu 'yan sa kai ne, waɗansu suna ba da gudummawar kuɗi, waɗansu kuma kamfanoni ne da ke cin abinci ta hanyar gyara ta da koyar da ita ga manyan ma'aikatu. Dokar rarraba ta kuwa ta yarda ka sa ta a kwamfuta goma ko ɗari, ka kuma ba maƙwabcinka, ba ka yi laifi ba.

Ba talaka kaɗai ke duban wannan hanya ba. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ba da sanarwar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta 30,000 kan LibreOffice, domin kada takardun hukuma su dogara ga kamfani ɗaya. Sai dai kuma birnin Munich, wanda ya yanke shawarar barin Microsoft tun 2003, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa a 2017. Ke nan sauyin ba a yin sa da ka.

Tana da nata raunin. Takardar Word mai ado da yawa takan ɗan goce idan an buɗe ta a Writer, lissafin Excel mai sarƙaƙiya irin na manyan kamfanoni kuma ba kullum yake tafiya daidai a Calc ba. Ba ta ba ka ma'ajiya a intanet, kuma idan ta rikice maka, sai dai ka nemi wanda ya iya.

HANYAR DA BA TA ƁULLEWA

Akwai hanya ta uku wadda kowa ya sani amma ba a faɗa, wato a ba yaro ɗan abin shan ruwa ya sa maka ta sata. Jama'a, araha ba ta ado. Irin wannan manhaja sau da yawa takan zo da ƙwayar cuta a cikinta, a kwamfutar da sunayen 'yan ƙungiya da lambobin asusunsu suke. Ban da haka haƙƙin wani ne, kuma akwai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. Masu riƙe da tsofaffin Office 2016 da 2019, ko da na halal ne, su sani kamfanin ya daina toshe musu kafofin ɓarayi tun 14 ga Oktoba 2025.

SHAWARA

Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan aikinka rajistar 'yan ƙungiya ne, da rasit, da lissafin bashi, da wasiƙa zuwa ga Sarkin Hausawa ko shugaban ƙaramar hukuma, LibreOffice ta ishe ka har da ragowa. Wasiƙar da za ta fita waje, ka mai da ita PDF kafin ka aika, ba abin da zai goce. Tana rubuta haruffanmu masu lanƙwasa, tana kuma rubuta Ajami daga dama zuwa hagu, musamman idan ka haɗa ta da Alkalami, wani salon haruffa na kyauta da aka zana bisa rubutun Kano.

Idan kuwa kai ɗan kwangila ne mai musayar takardun lissafi da kamfanonin mai a Fatakwal, ko mai shagon buga takardu da ɗalibai ke kawo wa aikin Word, to ka biya, ka sa kuɗin cikin farashin aikinka. Wanda ba ya son haya yana iya sayen Office 2024, wanda ake biya sau ɗaya domin kwamfuta ɗaya.

Kafin ku yanke hukunci, ku sa ta kyautar kusa da wadda kuke da ita, magatakarda ya gwada ta wata guda da ainihin takardun ƙungiya. Kowace kuka zaɓa kuma, duk ranar Juma'a a kwafe lissafin a ɗan filashi, a ajiye shi a gidan ma'aji, ba a rumfar kasuwa ba. Ƙarshen wata a buga a takarda, shugaba ya sa hannu.

Dalili kuwa, lissafin nan ba na magatakarda ba ne. Na mai albasar nan ne da ke Aliero yana jiran kuɗinsa, da marayun da ubansu ya rasu a nan Kurmi ya bar bashi a hannun mutane. Ranar da suka zo tambaya, bai kamata a ce musu su jira sai an biya haya ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.