Filin Manoma: Yadda A Ke Tallan Amfanin Gona Da Hoton Waya

Manoma da 'yan kasuwa na ƙetaren kogin Kaduna, watau mutanen Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, har zuwa Gonin Gora, yau da ku za mu yi magana. Batun kuwa shi ne hoton nan mai motsi da a ke ɗauka da wayar hannu, wanda a ke kira bidiyo, da yadda mutum zai shirya shi ya aika ta intanet don ya sami mai sayen kayansa.

Abin ba baƙo ba ne kamar yadda waɗansu su ke zato. Dattawa sun san majigi. A zamanin En'e mota ce ta kan zo gari, a kafa farin ƙyalle bayan magariba, a nuna wa jama'a yadda a ke sa taki da yadda a ke tsabtace rijiya. Amma wancan na hukuma ne da manyan kamfanoni, talaka nasa kallo. Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a 2001, aka buɗe YouTube a 2005, ga kuma WhatsApp da Facebook da TikTok. Yanzu majigin yana cikin aljihun kowa, mai kaji ɗari biyu a bayan gida ma yana iya nuna su ga mutumin Abuja.

Wannan yanki kuwa yana bukatar haka. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tsaya tun 2002, waɗansu masaƙun suka bi ta, mutane da yawa suka koma kiwon kaji da tarwaɗa da noman lambu a bakin kogi. Kamfanin Olam ya buɗe wurin ƙyanƙyasar kaji da yin abincinsu a Chikun, kan hanyar Abuja, a 2017. Ga kuma citta da ta ke fitowa daga Kachia da Kwoi da Kagarko. Kaya dai akwai. Mai saye ne ya ke nesa.

To, ga gindin maganar. In falke ya zo kasuwar Litinin ta Kakuri sayen masara, ba ya tambayar mai kaya ko tana da kyau. Kwance bakin buhu ya ke yi, ya tura hannu har gwiwa, ya ɗebo ta ƙasa, ya duba ƙwari, ya ciza ya ji ko ta bushe. Wanda ya ke Kano ko Ikko ba shi da wannan dama, an kuwa ce ba a cinikin biri a sama. Saboda haka aikin bidiyo guda ɗaya ne tak: ya zama hannun mai saye a cikin buhu. Duk abin da zai duba in ya zo da kansa, shi za ka nuna masa. Abin da ba wannan ba, ɓarnar data ce.

Mu ɗauki citta, don ita ce ta fi wuyar sha'ani. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a kudancin jihar, ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. In kaya ya yi tsada algus ya kan yawaita, mai saye kuma ya kan ƙara tsoro. Mai busasshiyar citta sai ya sa a ɗauke shi tun daga buhu yana ɗinke. Ya farke shi a gaban waya, ya juye duka a kan tabarma ko leda, ba na sama kaɗai ba. Ya baza da hannu a ga ko akwai ƙasa ko tsakuwa ko fumfuna. Ya ɗauki guda ya karya kusa da wayar, don busasshiya ƙarar karyewarta dabam ce, a kuma ga launin cikinta. Sa'an nan ya maida, ya ɗora a sikeli, a matso da waya har a karanta lambar kilo. Duk wannan a yi shi a zama ɗaya, kada a yanke hoton a haɗa. Da mai saye ya ga an yanke tsakanin buɗe buhu da juyewa, sai ya ce a ransa a nan aka musanya, ko da ba a musanya ba. Ƙanshi kaɗai ne waya ba ta iya ɗauka. Wannan sai a aika masa da ɗan samfur a mota.

Mai kaji ya kama ɗaya daga tsakiyar garke, ba wadda ya ware tun jiya ba, ya auna ta, ya faɗi makonsu nawa. Mai ƙwai ya nuna kiret da 30 ɗinsa, manya da ƙanana yadda su ke. Mai tumatir ya juye kwando.

Ɗaukar kanta ba ta da wuya. Ka goge idon wayar da tsumma mai tsabta, balle da hunturu, lokacin da ƙura ta ke sa hoto ya yi hazo. Ka ɗauka da hantsi ko da la'asar, rana tana bayan mai ɗauka tana haska kayan. Cikin sito mai duhu farar masara ta kan fito kamar wadda ta sha ruwa. Ka riƙe wayar da hannu biyu, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ko ka jingina ta da buhu. In don WhatsApp ko TikTok ne a riƙe ta a tsaye, in dogon bayani ne na YouTube a kwantar da ita. Ka nisanci injin niƙa da janareta, ka juya wa iska baya. Kiɗa kuwa, wanda samari su ke son ɗorawa, ni ban ga amfaninsa ba. Mai neman buhu hamsin ba rawa ya zo yi ba, kiɗan ma ya kan danne ƙarar karyewar cittar da mu ke so ya ji.

Da buɗe baki ka faɗi abu huɗu: wane kaya ne, nawa ne yawansa, a wace unguwa ko kasuwa ya ke, yau nawa ga wata. Kada ka tsaya dogon gaishe-gaishe, ko da ya ke haka al'adarmu ta ke. Mai kallo yatsa ɗaya zai sa ya wuce. Minti ɗaya ya isa. Kuɗin kaya kuwa a rubuta shi a ƙarƙashin hoton, kada a faɗa da baki, don farashin yau ba shi ne na mako mai zuwa ba, bidiyon kuwa zai yi ta yawo, a zo ana riƙe ka da maganar da ka yi wata biyu baya. A nan akawu ya ke da amfani ga ɗan'uwansa manomi: shi zai rubuta bayanin sarai. Tun da ya ke ƙetaren kogi mahaɗar ƙabilu ce, ga Gbagyi ga Bajju ga Atyap ga Ibo ga Yarbawa, ya kamata in an yi magana da Hausa a rubuta da Turanci, ko kuwa a ɗauka sau biyu.

Sai aikawa. Minti ɗaya na hoto mai kaifi a wayoyi da yawa ya kan kai megabayit 100, data kuwa ta ƙara kuɗi tun da hukumar NCC ta yarda a ƙara kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025. Don talla ta yau da kullum a rage kaifin a cikin saitin kyamara zuwa 720, ya wadatar. A sani kuma WhatsApp ya kan matse bidiyo kafin ya aika, har ƙananan abubuwa irin su ramin ƙwaro a jikin wake su ɓace. Saboda haka wanda ya nuna da gaske ya ke, a tura masa a matsayin fayil, ya isa gare shi kamar yadda aka ɗauka. In kuna wuri guda da dillali, manhajar Xender tana juye shi daga waya zuwa waya ba tare da cin data ba.

Wa za a aika wa? Waɗansu su kan yi murna wai mutum dubu goma sun kalli bidiyonsu. Kallo ba ciniki ba ne. Gara lambobin mutum ashirin da suka taɓa saye, da masu dafa abinci a otal, da direbobin garejin Television da su ke kai saƙo kudu, da dubun da ba ka sani ba. Ka fara da waɗannan. WhatsApp yana da jerin aikawa da ya ke ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya shiga sai ga wanda ya adana lambarka, don haka duk wanda kuka yi ciniki ka roƙe shi ya adana. Facebook da TikTok na neman sabuwar fuska ne. In kaya ya ƙare a sauke bidiyon. Kada kuma a yar da dillalin kasuwa wai an sami waya. A ƙarshen 2021 gwamnati ta sa an rufe layukan waya a waɗansu sassan jihar nan har wajen wata biyu saboda 'yan bindiga, wanda ba shi da kowa a kasuwa ya ji jiki.

Maganar 'yan bindiga ta kawo mu ga abin da ba a nunawa. Kada ka ɗauki ƙofar gidanka, ko hanyar shiga gona, ko garken shanu duka, ko cikakken sito. Buhu uku sun isa shaida, sauran ka faɗa wa mai saye kai da shi. Kada kuma ka sa fuskar leburanka ko ɗan maƙwabci sai da yardarsu.

Akwai kuma ɓarayin hoto. Su kan kwashi bidiyon wani su ce kayansu ne, su karɓi kafin alƙalami su kashe waya. Maganinsu arha ne: ka rubuta sunan kasuwancinka da kwanan wata a kwali da manyan baƙaƙe, ka dasa shi a cikin kayan, ya fito a hoton daga farko har ƙarshe. Kai kuma falke, in an turo maka bidiyo, ka kira mai kayan kira na ga-ni-ga-ka, ka ce ya buɗe buhun da kai ka zaɓa, na uku daga hagu misali. In ciniki ya faɗa, mai kaya kada ya yarda da hoton rasit ko saƙon da ya ce kuɗi sun shiga. Ya duba asusunsa da kansa ya ga sun zauna, sa'an nan a kira 'yan dako su yi lodi.