Motar Lantarki: Ko Za Ta Iya Aikin Tasi A Ikko?

Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, direbobin haya ba su da zancen da ya wuce na tsadar mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Abin ya taɓa 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai da gaske, domin da yawa daga cikinsu a Agege da Idi-Araba da Obalende da Sabon Badun, da tuƙi suke cin abinci, da shi kuma suke aika wa iyali kuɗin cefane. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Ikko a watan Yuni na 2022, waɗansu sun koma keke mai ƙafa uku, waɗansu kuma sun karɓi motar haya suna biyan mai ita balas.

To, cikin wannan hali ne aka fara jin labarin mota wadda ba ta shan mai ko ɗigo, sai dai a jona ta da wutar lantarki ta yi caji kamar wayar hannu. Tambayar da ke bakin jama'a ita ce, shin irin wannan mota za ta iya wahalar aikin tasi, ko kuwa abin ƙawa ce ta masu hannu da shuni?

BA YAU AKA FARA BA

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa tasi mai aiki da lantarki ta girmi kakansa. A watan Agusta na 1897 wani injiniya mai suna Walter Bersey ya fito da irin waɗannan motoci a titunan Landan, a lokacin da keken doki ke jigilar mutane. Har dabarar sauya batir suna da ita, watau in na jikin mota ya yi sanyi sai a koma gareji a sauke shi a ɗora wani. Amma nauyin motar ya kai wajen ton biyu, yana cinye tayoyi, batiran kuma ba su jimiri. Kuɗin gyara ya fi ƙarfin ciniki, a 1899 aka janye motocin.

Batirin zamanin nan, wanda ake yi da ma'adinin litiyam, ya yi wa na wancan lokaci fintinkau. Birnin Taiyuan na ƙasar Sin ya mai da tasi fiye da 8,000 na lantarki a 1 shekara guda, watau 2016. A farkon 2019 kuwa, cikin tasi fiye da 21,000 da ke birnin Shenzhen, kashi 99 cikin ɗari na lantarki ne, galibinsu ƙirar kamfanin BYD. A filin jirgin sama na Amsterdam a ƙasar Holan an zuba tasi 167 ƙirar Tesla tun 2014. Saboda haka maganar ko motar za ta iya aikin, gani ya kori ji. Abin lura shi ne, a biranen Sin gwamnati ce ta sa hannu da tallafin saye, aka kuma kafa wuraren caji birjik, ba a bar direba shi kaɗai da neman wuta ba.

INDA RIBAR TAKE

Motar lantarki ba ta da inji irin wanda aka sani. Babu filogi, babu salansa, babu kuloci, babu juyen baƙin mai. Birkinta ma yana daɗewa, domin duk sa'ad da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, na'urar da ke juya tayoyi ita ce ke rage gudun motar, tana kuma mayar da ɗan ƙarfin cikin batir. Wannan hali ya dace da Ikko, inda mota kan yi awa guda tana jan ciki a kan gadar Third Mainland. Motar fetur tana ƙona mai ko tana tsaye, ita kuwa ta lantarki in ta tsaya ba abin da take ci sai na'urar sanyaya ɗaki.

Ga misali da lissafi. A ce direba yana yin kilomita 200 a yini. Tsohuwar Corolla cikin cunkoso takan sha wajen lita 10 a kowace kilomita 100, watau lita 20 ke nan. In aka ɗauka lita naira 900 ce, kamar yadda aka sha saye a 2025, kuɗin mai ya kama naira 18,000. Motar lantarki matsakaiciya za ta buƙaci wajen yunit 36 na wuta don wannan tafiya. A farashin wutar rukunin farko, wanda ake ce wa Band A, da ya tsaya wajen naira 210 kowane yunit a tsakiyar 2024, kuɗin bai wuce naira 7,600 ba. Rarar ta haura naira 10,000 kowace rana. In aka yi aikin kwana 300 a shekara, an tsira da fiye da naira miliyan 3.

Daga nan za a gane cewa tasi ta fi motar gida cin moriyar lantarki. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, kilomita 30 kacal, zai daɗe bai fanshe tsadar motar ba. Mai yini a kan titi shi ne rarar ke taruwar masa da sauri.

INA WUTAR?

Amma fa wannan lissafi a kan takarda yake, kuma yana tsaye ne bisa ƙafa ɗaya, watau samun wuta. Nijeriya mai mutane fiye da miliyan 200 tana rarraba wajen megawat 4,000 zuwa 5,000 ne kawai, babban layin ƙasa kuma ya faɗi fiye da sau goma a 2024. Masu rukunin farko an yi musu alkawarin awa 20 a rana, amma yawancin unguwannin da talaka ke haya ba su cikin wannan rukuni.

Sai kuma lokaci. In aka jona motar da soket irin na ɗaki, yunit 36 zai ci awa goma sha biyu ko fiye. Na'urar caji ta bango mai ƙarfin kilowat 7 takan gama cikin awa biyar zuwa shida, watau dare ɗaya. Babbar na'ura mai kilowat 50 tana iya yi cikin abin da bai kai awa guda ba, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin mutum ɗaya, tana kuma buƙatar layin wuta mai ƙarfi. Direban da ke kwana a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, yana raba mita da maƙwabta goma, motarsa kuma a bakin titi take kwana, ina zai ja waya? Awa biyun da ya ɓata yana layin caji da rana kuwa, fasinja ne suka wuce shi.

Wani zai ce ai akwai janareta. To, ƙaramin janareta na fetur ba ya ba da fiye da yunit biyu daga kowace lita. Kafin a sami yunit 36 an ƙona wajen lita 18 zuwa 20, watau daidai da abin da Corolla za ta sha. An gudu ba a tsira ba ke nan. Hasken rana hanya ce mai kyau, amma cika batirin tasi guda kullum yana bukatar faifai wajen ashirin manya, ga shi kuma rana tana fitowa ne a daidai lokacin da ya kamata motar tana kan titi. In an ce a tara wutar a yi caji da dare, sai an sayi wani batirin na ajiya.

KUƊIN SAYE DA LAFIYAR BATIR

Cikas na biyu shi ne farashi. Sabuwar motar lantarki ta ninka tsohuwar tokumbo sau da yawa. Gwamnatin Tarayya ta cire wa irin waɗannan motoci harajin VAT a watan Oktoba na 2024, amma rance bai yi sauƙi ba, domin a ƙarshen wannan shekarar Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Wanda ya ci bashi mai irin wannan ruwa, rarar da ya samu a gidan mai banki zai miƙa wa.

Batir shi ne ran motar, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Yawancin kamfanoni sukan ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa. Mai motar gida shekarun yake ƙirgawa. Amma tasi mai kilomita 200 a yini tana yin 60,000 a shekara, watau kafin shekara uku garantin ya ƙare. Wannan ba ya nufin batirin zai mutu ranar nan, yawanci ƙarfinsa ne ke raguwa sannu a hankali, amma daga nan duk abin da ya faru aljihun mai mota ne.

Zafi ma abokin gābar batir ne. Nissan Leaf ta farko ba ta da na'urar sanyaya batir da ruwa, shi ya sa a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake tsananin zafi, suka yi ta kukan raguwar ƙarfinsa da wuri. Duk wanda aka yi wa tayin tsohuwar motar lantarki da araha, sai ya tuna araha ba ta ado, ya nemi a auna masa lafiyar batirin da na'ura kafin ya biya. Sabon nau'in batir da ake kira LFP, wanda motocin Sin da yawa ke amfani da shi, ya fi jure zafi da yawan caji.

Akwai kuma batun gyara. Kowane bakanike a Ikko ya san Toyota ciki da waje, kayanta kuma ga su a kasuwar Ladipo. Motar lantarki tana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt ɗari uku zuwa huɗu, wadda ke iya kashe wanda ya taɓa ta ba da sani ba. Batirin a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, don haka ramukan titi da ambaliyar damina abin kiyayewa ne. Motar da ta yi wata guda tana jiran kaya daga ƙetare, mai ita bashi yake ci.

ABIN DA AKA GWADA A AFIRKA

A Nairobi ta ƙasar Kenya, kamfanin NopeaRide ya fara tasi na lantarki a 2018 da motocin Nissan Leaf. A ƙarshen Nuwamba na 2022 ya rufe, saboda uwar kamfanin da ke ƙasar Finlan ta rasa jari. Direban da ya dogara da wurin cajin kamfani ɗaya, ran da kamfanin ya faɗi shi ma ya shiga uku. Habasha kuwa ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024, tana taƙama da wutar madatsun ruwanta mai araha.

A nan gida, an nuna Hyundai Kona ta lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Ikko a watan Nuwamba na 2020. Hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ta kafa wuraren caji masu amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Legas a 2021. A 2023 hukumar sufuri ta LAMATA da kamfanin Oando sun fara gwajin manyan bas biyu na lantarki a Ikko. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, kuma a watan Disamba na 2023 aka ƙaddamar da bas da tasi 107 masu aiki da lantarki da gas, waɗanda gwamnatin Babagana Zulum ta saya. Jihar Ogun ta fito da baburan lantarki a 2024, irin waɗanda ake sauya wa batir cikin 'yan mintoci, abin da ya kamata masu acaba su sa wa ido. Duk waɗannan, in an duba, gwamnati ce ko kamfani ke riƙe da motar da wutar tare.

TO, WA TA DACE DA SHI?

Motar lantarki za ta iya aikin tasi na cikin gari, muddin tana da wurin kwana mai tabbataccen wuta. Kamfani ko ƙungiyar direbobi mai motoci ashirin ko talatin tana iya kama fili a layin da ke samun wuta, ta kafa na'urorin caji, ta horar da bakanike nata, ta kuma nemi rance da sunan ƙungiya. Wannan aiki ne da shugabannin tasha da sarakunan Hausawa na zango za su iya fara shawara a kansa. Tafiyar Ikko zuwa Badun, wajen kilomita 130, ba ta fi ƙarfin motar ba. Ikko zuwa Kano kuwa, wajen kilomita 1,000, sai ran da aka jera wuraren caji a hanya.

Amma mutum ɗaya mai ɗan jarinsa, kada ya sayar da gona ko shanu a gida don ya sayi irin wannan mota tukuna. In tsadar mai ta ishe shi, mai da motarsa mai amfani da gas ɗin CNG ya fi sauƙin kuɗi, in akwai gidan gas kusa da shi. Wanda kuma kamfani ya yi wa tayin motar lantarki a kan biya sannu-sannu, sai ya tambaya kafin ya sa hannu: a ina za a yi caji, nawa ne yunit, wa zai biya in batir ya lalace, kuma ranar da babu wuta ko motar tana gareji, shin balas yana nan ko an yafe? Ya nemi a rubuta amsoshin cikin yarjejeniya, ya kuma kai wa wanda ya iya karatu ya duba masa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba kowa sa'ar nema.