Maɗin Ɗinya da Kindirmo: Sanyi Ba da Firji Ba

Kusurwar girki ta wannan makon ta leƙa gindin ɗinya.

A Ingila da Amurka akwai wani tsohon abin zaƙi da ake sha bayan cin abinci. Ana dafa busassun 'ya'yan wani itace mai suna fulam, a murje su, a haɗa da farin ƙwai da aka buga ya yi kumfa, a sanyaya. Mu nan ba mu da fulam, amma muna da ɗinya, wadda Turawa ma suka laƙaba wa sunan baƙin fulam saboda kamanni, ko da yake ba dangi ba ne. 'Yan ajin kimiyya su riƙe sunanta: Vitex doniana. Kakanninmu sun daɗe suna yin maɗi da alewa da ita. A madadin ɗanyen ƙwai kuwa, wanda yake iya ɓata ciki, ga kindirmo.

Kayan haɗi (na mutum 4)

Busasshiyar ɗinya, gwangwanin madara 3
Ruwa mai tsabta, kofi 4
Kindirmo mai kauri, ludayi 4
Mazarƙwaila ko zuma, gwargwadon buƙata
Citta kaɗan da kanumfari 3

Ɗinya tana nuna ne wajen ƙarshen damina. Wanda ya shanya tasa ya huta. Wanda bai shanya ba ya tambaya a kasuwa, kamar ta Dambatta da ke ci ranar Lahadi.

Yadda ake yi

1. A tsince ɗinyar, a wanke ta sau biyu, a jiƙa ta kwana.
2. Da safe a ɗora ta a wuta da ruwan jiƙon, da citta da kanumfari, ta tafasa kamar minti 20.
3. In ta huce, a wanke hannu da sabulu a murje har tsokar ta rabu da ƙwallon, sannan a tace da rariya.
4. A mayar da ruwan kan wuta marar ƙarfi, a sa mazarƙwaila, a riƙa juyawa har ya yi kauri kamar zuma. Maɗi ke nan. Mai zuma ya bari sai an sauke.
5. A bar shi ya huce sarai. In aka zuba shi da zafi, kindirmon zai tsinke ya saki ruwa.
6. A burga kindirmo da maburgi har ya tashi. Burgawar tana cusa iska a cikinsa, shi ya sa yake yin sakayau a baki.
7. A zuba maɗin kaɗan-kaɗan, ana juyawa a hankali don kada kumfar ta kwanta.

To, ina sanyin zai fito?

Daga randa. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharkaf. A ajiye kwanon haɗin a rufe cikin ƙaramar, a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a kai inuwa inda iska ke kaɗawa, awa 2 zuwa 3. Ruwan yashin yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin da ke ciki. Haka gumi yake sanyaya jikinmu. Dabarar ta fi ci da hunturu da bazara, lokacin da iska ta bushe. Da damina sanyin kaɗan ne. Wannan dabara ce ta sa wani malami daga maƙwabciyarmu Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

A kula

Sanyin randa bai kai na firji ba, don haka abin da aka haɗa a shanye shi a ranar. Kada a tsinka kindirmo da ruwan da ba a tafasa ba; ta nan amai da gudawa ke shiga gida. Ƙanana kuma kada su ɗora tukunya sai da babba a kusa.

Abu na ƙarshe, duk wannan daɗin daga bishiya yake. A gonakinmu manoma sun saba barin ɗinya da ɗorawa da kuka a tsakiyar shuka, amma yanzu gatarin masu itace da gawayi yana cin su, ga shi ɗinya tana shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Ita ce kuma ke ba mu ɗinkin da ake kwaɗo. Saboda haka kada a zubar da ƙwallon ɗinyar da aka sha ɗanya, domin dafaffe ba ya tsira. A kawo shi lambun makaranta mu gwada renonsa kafin damina.

Wanda ya gwada haɗin ya rubuto mana yadda ya kaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta