AIKA KAYA ƘASASHEN WAJE TA GIDAN WAYA: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Da wuya a sami gari a Nijeriya wanda babu mai ɗan'uwa a ƙasar waje. Wani ɗansa na karatu a Masar ko Ingila, wani ƙanensa na neman abinci a Gana ko Saudiyya, wata kuma ɗinki ta ke yi, masu sayen kayanta suna Amurka. Ko ba daɗe ko ba jima, buƙatar aika ƙunshin kaya ko karɓarsa za ta kai irin waɗannan mutane gidan waya. Waɗansu su kan fito suna godiya, waɗansu kuwa su fito da ɓacin rai. Koke-koken da a ka fi ji guda huɗu ne: kaya sun yi jinkiri, an buɗe kaya a hanya, an nemi ƙarin kuɗi wajen karɓa, ko kuwa kaya sun ɓace ɗungum.

Akwai laifin da ya ke wuyan ma'aikata, kuma doka ta tanadi hanyar bin kadinsa. Amma da yawa daga cikin wahalar nan tun a gaban kanta ta ke farawa, ranar da a ka miƙa kayan. An shirya wannan ɗan littafi domin mai aikawa da mai karɓa su san abin da ya ke kansu, su kuma san hakkinsu.

TUSHEN AIKIN

Turawan Ingila ne su ka buɗe gidan waya na farko a Ikko cikin 1852. A 1936 jiragen sama su ka fara ɗaukar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. A ranar 1 ga Janairu 1985 a ka raba tsohon Sashen Gidan Waya da Tarho gida biyu, aikin wasiƙu ya koma hannun Hukumar Gidan Waya ta Nijeriya, watau NIPOST, wadda Doka ta 41 ta 1992 ta ƙarfafa matsayinta.

Babu gidan wayar wata ƙasa da zai iya kai kaya ko'ina cikin duniya shi kaɗai. Saboda haka a ka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, a birnin Bern na ƙasar Suwizalan cikin 1874. Tana da ƙasashe 192, Nijeriya kuwa ta shiga a 1961. Yarjejeniyar wannan ƙungiya ita ce ta wajabta wa kowace ƙasa ta karɓi kayan 'yar'uwarta ta isar da su, ita ce kuma ta tsara fom ɗin da a ke cikawa, da abubuwan da a ka hana aikawa, da diyyar da a ke biya.

TAFIYAR ƘUNSHI

Idan mutum ya miƙa ƙunshi a Badun ko Inugu ko Fatakwal, akawu zai auna shi a sikeli, ya karɓi kuɗi, ya ba da rasit. Daga nan sai a tara shi da sauran kaya a kai cibiyar musayar kayan ƙasashen waje, irin wadda ta ke Ikeja kusa da filin jirgin sama na Murtala Muhammed. A can ne ma'aikatan kwastan da na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, za su duba shi kafin a sa shi cikin jirgi. Idan ya sauka, sai ya sake bi ta hannun kwastan na waccan ƙasa, sa'an nan gidan wayarsu ya kai shi ga mai shi.

Ke nan ƙunshi ɗaya ya kan ratsa hannun gidan waya biyu, da kwastan biyu, da kamfanin jirgi aƙalla ɗaya. Akawun da ya karɓi kayan ba shi da iko a kan kwastan na ƙasar nan, balle na wata ƙasa. Shi ya sa ranar isowa da a ke faɗi a kanta kintace ce kawai. Wanda ya ke so kayan Salla ko na biki su isa a kan kari, sai ya aika tun da sauran lokaci.

ZAƁEN HANYA

Wasiƙa ta kan sarki kawai ita ce mafi araha, amma ba a bin sawunta, ba a kuma biyan diyya in ta ɓace. Muhimman takardu, kamar takardar shaidar makaranta, rajista ta dace da su ko kuwa hanyar gaggawa da a ke kira EMS. Kayan da ba su wuce kilo 2 ba su kan iya tafiya a matsayin ƙaramin ƙunshi. Waɗanda su ka fi haka sai a aika su a matsayin babban ƙunshi, wanda bisa ƙa'idar UPU a ke karɓa har zuwa kilo 20, waɗansu ƙasashe ma su kan yarda da fiye da haka.

Duk kayan da a ke bin sawunsu suna da lamba mai gurbi 13: haruffa biyu, da alƙaluma tara, da waɗansu haruffa biyu. Harafin farko ya kan nuna irin aikin: R rajista ce, E gaggawa, C kuma babban ƙunshi. Haruffan ƙarshe su ne alamar ƙasar da kayan su ka taso, ta Nijeriya kuwa NG ce. Da wannan lamba a ke duba inda kaya su ke ta intanet. Lalle ne mai aikawa ya tabbata lambar ta fito sosai a rasit ɗinsa, ya kuma sanar da mai karɓa tun ranar.

ƊAURI DA ADIRESHI

Ƙunshin da zai ƙetare teku za a jefa shi cikin buhu, a ɗora masa waɗansu kaya, a sauke, a sake lodi. Leda ko tsohon kwalin da ya sha ruwa ba za su jure wannan ba. A nemi kwali mai ƙarfi, a cike duk wani gurbi da takarda ko tsumma yadda kaya ba za su yi motsi ba. Amma kada a liƙe shi gaba ɗaya tun daga gida, domin a kan bukaci ganin abin da ke ciki a kanta.

A rubuta adireshi da manyan baƙaƙen boko: cikakken sunan mai karɓa kamar yadda ya ke a katin shaidarsa, lambar gida, sunan titi, gari, lambar shiyya ta gidan waya, sa'an nan sunan ƙasa a layin ƙarshe. A haɗa da lambar tarhonsa. Laƙabi irin su "Alhaji Babba" ko kwatance irin "bayan masallaci" ba su isa ba. Haka kuma mai aikawa ya rubuta nasa adireshin, ya sa kwafe ɗaya a cikin kwalin ko da na waje zai goge. Wanda za a aiko wa kaya daga waje, shi ma ya ba da lambar shiyyarsa mai alƙaluma shida. Ta babban gidan waya na Ikeja 100001 ce, ta Badun 200001, ta Fatakwal 500001, ta Kano 700001, ta Garki a Abuja kuwa 900001.

FOM ƊIN KWASTAN

A nan ne mutane da yawa su ke jawo wa kansu jinkiri. Kowane ƙunshin kaya sai an manna masa takardar bayanin abin da ke ciki. Ƙaramar ita ce CN22, ta kayan da darajarsu ba ta wuce SDR 300 ba. Babbar kuwa CN23 ce. Shi SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya wanda gidajen waya su ke lissafi da shi, kuma guda ɗaya ya ɗara dalar Amurka ɗaya.

Rubuta "kyauta" ko "kayan gida" kawai ba bayani ba ne. Abin da a ke so shi ne a ce: rigunan maza na auduga guda uku, huluna biyu, littattafai huɗu, kowanne da nauyinsa da kuɗinsa na gaskiya. Tun 2021 a ke aika wannan bayani ta kwamfuta zuwa ƙasar da kaya za su sauka kafin su isa, kuma ƙasashe da dama su kan tsare ko su komo da kayan da bayaninsu bai cika ba. Wanda ya rage kuɗin kaya don gudun haraji, kansa ya cuta: in kwastan su ka gane, za su iya cin tara ko su ƙwace kayan, in kuma kayan su ka ɓace, ba shi da hujjar neman fiye da abin da ya rubuta da hannunsa.

A takardar rakiyar babban ƙunshi akwai wurin da mai aikawa zai nuna abin da za a yi in ba a sami mai karɓa ba: a komo masa da kayan ya biya kuɗin komowa, ko kuwa ya yafe su. Kada a bar wurin nan babu kome.

ABUBUWAN DA A KA HANA

An hana aika miyagun ƙwayoyi, da makamai, da abubuwa masu fashewa ko kama wuta, da jabun kaya. Turaren fesawa da duk wani turare mai sinadarin da ke kama wuta yana cikin kayan haɗari a jirgin sama. Haka batirin wayar hannu wanda ba ya cikin na'urarsa. Ba a sa tsabar kuɗi ko zinariya cikin wasiƙa ko ƙunshin da ba shi da inshora. Hauren giwa da ɓawon dankunya haramun ne bisa dokar kare namun daji ta 1985. Kayan tarihi kuwa ba sa fita sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kamar yadda Doka ta 77 ta 1979 ta tanada.

Abinci yana buƙatar lura ta musamman. Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda a aika wa mutum nama ta gidan waya daga Nijeriya ba, saboda haka kilishi da dambun nama a can za a ƙwace su, kome kyan ɗaurinsu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da a ka samu a jikinsa. Iri da tsirrai su kan bukaci takardar shaidar lafiya daga hukumar killace amfanin gona, NAQS. Matambayi ba ya ɓata: a yi tambaya a kanta kafin a kashe kuɗi.

Har wa yau, kada kowa ya karɓi ƙullin da bai ga cikinsa ba ya aika da sunansa, ko da na aboki ne. Wanda sunansa ya ke kan fom shi hukuma za ta fara nema.

KARƁAR KAYA DA BIYAN KUƊI

Kwastan suna da ikon buɗe kowane ƙunshin kaya su duba, a nan da kuma ƙasashen waje. Ganin an sake liƙe kwali ba lalle ne ya nuna sata ba. Kuɗin da mai aikawa ya biya na ɗauka ne kawai. Kuɗin fito dabam ya ke, kuma kowace ƙasa da nata tsarin, wanda ya kan sake daga lokaci zuwa lokaci. A ranar 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin da ta ke yi wa kayan da ba su wuce yuro 22 ba. A ranar 29 ga Agusta 2025 Amurka ta dakatar da rangwamen da ta ke yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba, abin da ya sa NIPOST ta ba da sanarwa a lokacin cewa mai aika kaya can zai biya dala 80 tun a nan. A Nijeriya kuwa, cikin Satumba 2025 Hukumar Kwastan ta ɗauke kuɗin fito daga ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, muddin ba haramtattu ba ne.

Mai karɓa ya tafi da katin shaida da lambar kayan, kada kuma ya yi nawa, domin kayan da su ka daɗe a ajiye a kan caji kuɗin ajiya ko a mayar da su. Duk kuɗin da a ka nema, ya tambayi na mene ne, ya karɓi rasit na hukuma. Ya duba kwalin tun a gaban akawu. In ya ga yagewa ko alamar an taɓa kaya, ya nemi a buɗe a rubuta rahoto kafin ya sa hannu, domin ƙorafin da a ka kawo bayan an kai kaya gida yana da wuyar tabbatarwa.

A yi hattara da 'yan damfara masu aiko saƙon waya cewa wai kaya sun maƙale, a tura kuɗi cikin asusun wani mutum. Kuɗin hukuma ba ya shiga asusun kowa.

IN KAYA SU KA ƁACE

Mai aikawa ya koma gidan wayar da ya miƙa kayan tare da rasit ɗinsa, ya cika takardar neman bincike. Yarjejeniyar UPU ta ba da wata shida daga ranar aikawa. In wa'adin ya wuce, hakkin diyya ya faɗi. Iyakar diyyar abin rajista SDR 30 ce. Ta babban ƙunshi kuwa SDR 40 ce, da ƙarin SDR 4.50 a kan kowane kilo, tare da mayar da kuɗin aikawa. Alal misali, ƙunshi mai kilo 5 diyyarsa ba za ta wuce SDR 62.50 ba, ko da abin da ke ciki ya ninka haka sau goma. Mai kaya masu tsada sai ya tambayi ko ƙasar da zai aika tana karɓar ƙunshi mai inshora. Ba a biyan diyya a kan haramtattun kaya, ko ɓarnar da mugun ɗauri ya jawo, ko abin da kwastan su ka ƙwace bisa doka.

Wanda bai gamsu ba ya kai kuka ga shugaban gidan wayar, daga nan ga babban ofishin NIPOST na jiharsa. In abin ya faskara, akwai Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a wadda a ka kafa a 1975, da hukumar kare hakkin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC. Ya rubuta kukansa a takarda, da kwanan wata da lambar kaya, ya riƙe kwafe.

Gidan waya dukiyar jama'a ce. Ana roƙon sarakuna da limamai da shugabannin kasuwa da malaman makaranta su bayyana wa mutanensu abin da ke cikin wannan ɗan littafi, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Kowa ya ɗaure kayansa da kyau, ya faɗi gaskiya a fom, ya adana rasit ɗinsa har sai ya ji kaya sun isa.