Tazarar Haihuwa a Kaduna: Wa ke Biyan Kuɗin Abin da Aka Ce Kyauta Ne?

Matar da ta tashi da safe daga Hayin Banki ko Unguwar Dosa ta nufi asibitin unguwa domin a yi mata allurar tazarar haihuwa ba ta tanadar kuɗin allurar, saboda tun watan Afrilu na shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta soke biyan kuɗin waɗannan kayayyaki a asibitocin gwamnati. Sai dai 'yar kwalbar da ma'aikaciyar lafiya za ta ɗauko ta yi doguwar tafiya kafin ta iso. Akasarin irin waɗannan kaya daga ƙasashen waje ake sayo su da dala, su sauka a Legas, sa'an nan a yi tafiyar fiye da kilomita 700 da su zuwa Kaduna, daga nan a rarraba su asibiti-asibiti. A kowane zango akwai wanda ya biya. In wani zango ya kasa biya, sai matar ta koma gida ba a yi mata komai ba, alhali kuwa allurar da aka yi mata a baya wata uku kaɗai take aiki.

Barin tazara tsakanin haihuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Da can mai jego takan koma gidan iyayenta ta daɗe, ana shayar da yaro har kusan shekara biyu kafin yaye, kuma kwanika, watau samun ciki a kan goyo, abin gudu ne. Binciken likitoci ya zo ya ƙarfafa wannan al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, domin jikin uwa ya mayar da jinin da ya rasa, jariri kuma ya sami nono isasshe. A Nijeriya maganar tana da nauyi ƙwarai, domin binciken lafiyar iyali na ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata 512 ne ke rasa rayukansu. Zaman birni, inda iyali ke cikin ɗaki ɗaya ko biyu na haya, ya raunana tsohuwar hanyar tazara, shi ya sa nauyin ya koma kan asibiti, daga asibiti kuma ya koma kan baitulmali.

Manufar 1988 da abin da ya biyo baya

A shekarar 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, Nijeriya ta fitar da manufarta ta farko kan yawan jama'a. Manufar ta yi burin rage saurin ƙaruwar jama'a daga kimanin kashi 3.3 cikin 100 a shekara zuwa kashi 2 kafin shekarar 2000. Ɗalibin lissafi zai iya gane bambancin da kansa: in aka raba 70 da saurin ƙaruwar, za a sami kimanin shekarun da jama'a za su ninka. A kan kashi 3.3, shekara 21 ke nan. A kan kashi 2, shekara 35. Amma abin da ya shiga kunnen mutane shi ne shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. A Arewa an ɗauki wannan a matsayin ƙayyade iyali, kalmar da har yau ma'aikatan lafiya ke kauce mata, suna cewa tazarar haihuwa.

Kuskuren harshe ba shi ne kaɗai ya kayar da manufar ba. Kaso mai yawa na kuɗin aiwatar da ita daga waje yake zuwa, musamman daga hukumar raya ƙasashe ta Amurka, watau USAID. Bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 dangantaka ta yi tsami tsakanin Amurka da gwamnatin soja, hukumar ta janye hannunta daga ma'aikatun gwamnati ta koma aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Babban taron Alƙahira na 1994 ya ce a daina ƙidaya wa mace 'ya'ya, a mayar da hankali ga lafiyarta da zaɓinta, ya kuma tsara cewa ƙasashe masu tasowa su ɗauki kashi biyu cikin uku na kuɗin, masu ba da agaji su ɗauki kashi ɗaya. Sakamakon a Nijeriya bai taka kara ya karya ba. Matan aure masu amfani da hanyoyin zamani sun tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 10 a 2008, suka tsaya nan har 2013, suka kai 12 a 2018, sa'an nan 15 a binciken 2023 zuwa 2024.

Yadda ake lissafin

Tsara shiri irin wannan aiki ne na ƙididdiga tun kafin ya zama na likita. A ɗauki misalin wata unguwa mai mutum 100,000. Lambobin misali ne kawai, domin a ga yadda hanyar take. A ce a cikinsu akwai matan aure 15,000 masu shekara 15 zuwa 49, kuma kashi 20 cikin 100 na amfani da wata hanya, watau mata 3,000. Tambaya ta gaba ita ce wace hanya kowace ta zaɓa, domin tsawon aikinsu ya bambanta. Allurar wata uku sau huɗu ake yin ta a shekara, don haka in rabin matan ita suka zaɓa, ana bukatar kwalba 6,000 da sirinji 6,000. Ƙwaya kullum ake sha. Ashanar fata, wadda ake sa wa a damtse, tana aiki shekara uku ko biyar gwargwadon irinta, robar mahaifa mai jan ƙarfe kuma takan kai shekara goma. Ashana ta fi tsada ranar sa ta, amma in aka raba kuɗinta da shekarun aikinta sai a ga ta yi araha.

Akwai wani tarko a cikin lissafin da ke yawan kama masu tsara manufa. In jama'ar unguwar na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100, baɗi matan auren za su zama 15,450. Domin a ci gaba da zama a kan kashi 20 ɗin nan, ba tare da an matsa ko taku ɗaya ba, dole a sami ƙarin mata 90, ban da maye gurbin waɗanda suka daina saboda suna son ciki ko saboda allurar ba ta karɓe su ba. In ana so a kai kashi 22, ƙarin ya kusa mata 400. Kasafin da aka maimaita na bara, ko da darajar naira ba ta motsa ba, raguwa ya yi.

Shi kansa tushen lissafin yana rawa. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kaduna mutum miliyan 3.9, ta 2006 kuma miliyan 6.1, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Duk wanda ya san Rigasa ko Kawo a 2006, ya kuma gan su yanzu, ya san hasashen da aka gina a kan waccan lambar yana bukatar taka-tsantsan. Saboda haka masu ajiyar kaya suka fi dogara da rajistar asibiti: nawa aka bayar, nawa suka rage. Ita ma tana da nata aibin, domin asibitin da kayansa suka ƙare wata guda zai rubuta cewa ba a ba kowa ba, wanda ya karanta a ofis kuma yana iya fahimtar cewa ba a bukata.

Gwajin Kaduna

Birnin Kaduna na cikin birane huɗu na farko, tare da Abuja, Ibadan da Ilori, da aka fara shirin NURHI a cikinsu, kafin a ƙara Zariya da Benin. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ce ta ba da kuɗin tun daga 2009, wata cibiya ta Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka kuma ta jagoranci aikin. An horar da ma'aikata, an yi shirye-shiryen rediyo da Hausa, an zauna da malamai da limaman coci. An kuma fito da dabarar gyaran asibiti cikin sa'a 72: a fara ranar Juma'a bayan an tashi aiki, magina da kafintocin unguwa su yi fenti, su gyara benci, su keɓe ɗakin da mace za ta yi magana ba a ji ba, a gama kafin safiyar Litinin. Binciken da aka yi ya nuna amfani da hanyoyin zamani ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 a biranen shida cikin kusan shekara huɗu, a daidai lokacin da adadin ƙasa baki ɗaya ke tsaye. Zango na biyu, daga 2015 zuwa 2020, ya faɗaɗa zuwa jihar gaba ɗaya.

Gwamnatin jiha ma ta yi nata. A zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i an fitar da tsarin tazarar haihuwa na 2016 zuwa 2018 wanda aka ƙiyasta wa kowane aiki kuɗinsa, aka kuma ɗauki aikin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255 na jihar. Manufar ƙasa ta 2014 da ta ba ƙananan ma'aikatan lafiya damar sa ashana bayan horo ta rage dogaro da likitoci da ungozomomi, waɗanda ba su wadata ba. Burin tsarin shi ne a tashi daga kimanin kashi 20 da binciken 2013 ya nuna zuwa fiye da kashi 40. Da binciken 2018 ya fito, sai ya ba jihar kimanin kashi 15. Ya kamata a karanta wannan da hankali, domin lambar ta haɗa birni da ƙauyukan ƙananan hukumomi 23, kuma binciken da ke tambayar wani samfuri na mata yana da gibin kuskure. Duk da haka, burin da aka sa ya fi ƙarfin kuɗin da aka saki, kuma ya fi saurin da kusan kowace ƙasa ta taɓa yi.

Inda sarƙar ke tsinkewa

An raba nauyin ne hawa-hawa. Gwamnatin Tarayya da masu ba da agaji kan zuba kuɗi a asusu ɗaya, Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNFPA, ya sayo kayan. A taron Landan na 2012 Nijeriya ta yi alkawarin ƙara dala miliyan 8.35 a shekara a kan miliyan 3 da take bayarwa, a 2017 kuma ta sabunta alkawarin a kan dala miliyan 4 a shekara. Jiha ce ke da alhakin kai kaya asibiti, da horo, da albashi, da kuma ƙananan kayan aiki: safar hannu, auduga, filasta, maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar kashe zafi. A nan ake yawan samun matsala. Ashanar kyauta ce, amma ba ta shiga damtse sai da waɗannan, kuma in ba a kawo su ba, sai a ce mace ta sayo. Ga mai sayar da ƙosai, wannan ɗan kuɗin na iya zama cinikin yini.

Dole kuma a bambanta abu uku: kuɗin da aka rubuta a kasafi, wanda aka amince a saki, da wanda ya fita da gaske. Majalisar jiha, da ke zama a Zauren Lugard, tana iya amincewa da adadi a watan Disamba, amma sai ma'aikata ta rubuta takardar neman saki, takardar ta bi ofis-ofis, a kuma sami kuɗi a asusu. In ya fito a watan Nuwamba, watanni goman da suka wuce ba za su dawo ba. Alkawarin Abuja na 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, shi ma a kan rubutu ake auna shi.

Sa'an nan ga canji. A 2013 wata yarjejeniya da kamfanonin da ke yin ashana ta sauko da farashinta zuwa dala 8.50 ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. In aka yi lissafi da wannan farashi, a farkon 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a hukumance, ashana ɗaya naira 3,910 ce. Bayan an saki naira a watan Yunin wannan shekara, dala ta haura 1,500 a 2024, ashanar ta koma naira 12,750. Kuɗin da zai sayi uku a da, ɗaya yake saye.

Masu ba da agaji ma ba su da tabbas. A 2021 Birtaniya ta zabge kashi 85 cikin 100 na abin da take ba shirin sayen kaya na UNFPA. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, a watan Yuli kuma aka rufe USAID, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen ɗaukar nauyin irin wannan aiki a duniya. Gwamnatin Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 ga ɓangaren lafiya domin cike giɓin, amma a kasafin shekarar layin tazarar haihuwa ya faɗo daga naira biliyan 2.2 na 2024 zuwa kimanin miliyan 66. Wannan ya zo ne a lokacin da binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin matan aure biyar tana son ta jinkirta ko ta dakatar da haihuwa amma ba ta amfani da kowace hanya. Tun kafin haka an riga an ba jihohi damar sayen kayan da kuɗinsu, kuma Kaduna na da hukumarta ta sarrafa kayan asibiti, watau KADHSMA.

Malamin lissafi ko na nazarin tattalin arziki na iya kai wannan batu aji ba tare da wahala ba. Gwamnatin jihar tana wallafa kasafinta da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a intanet. Ɗalibai su nemo shafin ma'aikatar lafiya da na hukumar lafiya matakin farko, su rubuta abin da aka ware da abin da aka kashe, su fitar da kason cikin ɗari, sa'an nan su mayar da nairar zuwa dala a kan canjin ranar, su raba da 8.50.